Kafin Ka Ba Su Lambar Katinka

Ɗana, zo ka zauna. Kan manhajojin nan da ake biya wata-wata nake so mu tattauna.

A da, mutum kan sayi manhaja sau ɗaya ta zama tasa. Yanzu haya ake ba ka. Adobe, masu Photoshop, tun 2013 suka koma wannan tsari. Ban ga laifinsu ba, kowa da sana'arsa yake ci. Sai dai ranar da ka shigar da lambar katinka, ka ba su izinin cire kuɗi duk sanda wa'adi ya cika. Ba za su sake neman yardarka ba. In ka yi shiru, ka amince ke nan.

Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2025, Microsoft 365 na mutum ɗaya a Amurka ya tashi daga kusan dala 70 zuwa kusan 100 a shekara, bayan an haɗa masa Copilot, manhajar AI ta kamfanin. A watan Oktoban shekarar hukumar kare masu sayayya ta Ostireliya ta maka kamfanin a kotu. Ta ce akwai tsari a tsohon farashi, amma sai wanda ya je sokewa yake ganinsa.

Fita ma takan zo da tara. A 2024 gwamnatin Amurka ta kai Adobe ƙara kan wani tsari da ake biya wata-wata, alhali alkawarin shekara ne. Wanda ya janye a tsakiya, rabin kuɗin da ya rage za a caje shi.

Na san ba sakaci gare ka ba, hidima ce ta yi yawa. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kaɗan nan, kaɗan can, sai albashi ya ƙare ba ka san inda ya shiga ba. In da dala ake cajinka, duk faɗuwar naira a aljihunka za ta sauka.

Don haka in ka karɓi gwajin kyauta, rubuta ranar ƙarewarsa, ka soke tun da sauran kwana biyu. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da caji, sai ka shiga inda ka yi rajistar, kamar Google Play ko App Store, ka soke da hannunka. Saƙon imel mai maganar sabon farashi, daure ka karanta shi har ƙarshe. Ƙarshen kowane wata kuma ka bi bayanan asusunka layi-layi.

Wadda ke maka aiki ka biya ta da zuciya ɗaya, wadda ka daina buɗewa ka sallame ta yau. Allah Ya yi wa nemanka albarka.