Darasi na 7: Yadda Za Ki Sassauta Damuwa da Numfashi

'Yan uwa mata, a cikinmu akwai wadda ranar zubi ta matso, kuɗi bai haɗu ba, ga yaro ba lafiya, ga rancen da ta karɓa daga akwati lokacin biya ya yi. Dare ya raba, kowa ya yi barci, ita idonta biyu, ƙirji na dukan uku-uku. Da safe kai na sarawa, wuya ya ƙage, abu kaɗan ta hau yara da faɗa.

Ga abin da ke faruwa a jikinta. Idan mutum ya tsorata, zuciya takan ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jiki ya ɗaure, don ya samu ya tsere. In maciji ne, da ya wuce jiki zai saki. To bashi ba ya wucewa haka, sai jiki ya yi wata da watanni a ɗaure.

Zuciya ba ki da ikon ce mata ta rage gudu, amma numfashi a hannunki yake. Babban mutum yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan kika ja shi a hankali, musamman wajen fitar da iska, zuciya ma takan lafa. Mutanen Indiya sun daɗe da wannan a cikin motsa jikinsu da ake kira yoga. Mu numfashin da miƙar jiki kawai muka ɗauko, babu wani abin bauta a ciki, kar wata ta ji ɗar.

Ki zauna a tabarma, bayanki a miƙe, hannu ɗaya a kan cibiya. Ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, har ki ji ciki ya tura hannunki. Ciki fa, ba kafaɗa ba, a nan yawancinmu muke kuskure. Sai ki sake ta a hankali ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Ki yi sau goma. Daga nan ki ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ki sake su, ki karkatar da wuya dama da hagu a hankali. Wadda ta yi surfe ko ta ɗauko ruwa a ka za ta ji daɗin wannan. In jiri ya taso ki dakata. Mai ciki kada ta riƙe numfashi.

Numfashi dai ba ya biyan rance. In biya ya gagara, ki faɗa wa ƙungiya tun kafin ranar, a zauna a duba yadda za a sassauta miki. Mai hawan jini ta ci gaba da shan maganinta. Idan kuma an haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ko ƙirji na ciwo, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, a je asibiti ba jira, wata daga cikinmu ta raka ki.

Aikin wannan mako: kafin a buɗe akwati, shugaba ta ƙirga da ƙarfi, kowa ta yi numfashin nan sau goma. A gida kuma ki yi bayan sallar asuba da lokacin kwanciya. Zama mai zuwa kowa ta gaya mana yadda barcinta ya kasance.