Shawara Ga Mai Nazarin Wasan Sarki Odifus

Ya kai ɗalibi, idan ka ƙudura niyyar nazarin ƙullin wannan wasan tausayi da Sofokilis ya tsara a birnin Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ka fara rarrabe abin da ya auku tun kafin buɗe fage, wato kisan da Odifus ya yi wa mahaifinsa Sarki Layus da auren mahaifiyarsa Jokasta, daga abin da ake nunawa, domin wasan kansa bincike ne na yini guda, annoba na cin birnin Tibis.

Sa'an nan ka tsaya, ka daɗe, a kan manzon Korinti, wanda ya zo da nufin bushara, ya shaida wa Odifus cewa Folibus, sarkin Korinti da ya rene shi, ba mahaifinsa ba ne, alhali kuwa wannan bushara ita ce mafarin halakarsa. Aristo, wanda Ibn Rushd ya yi wa littafinsa sharhi, ya fifita ƙulli irin wannan, inda juyewar al'amari da gane hakika suke zuwa tare. A ganina ya yi adalci.

Waƙoƙin 'yan amshi kuwa, kada ka tsallake su, su ne iyakokin babi-babi.