Shawarwari 9 kan giris da shokozobar baya na babur mai bin hanyar daji

Babur ɗin da ke bin burji, yana tsallaka rafi da damina, yana kutsa yashi da rani, ƙasansa ne ke shan wahala. Mai shi zai canza baƙin mai a kan lokaci, ya ɗiga wa sarƙa mai, amma gaɓoɓin da ke riƙe da tayar baya sai su shekara ba a leƙa su ba. Can ne ruwa da yashi ke shiga, su wanke giris, tsatsa ta kama. Kafin a ji ƙara, ɓarnar ta yi nisa. Ga abin da ya kamata mai babur ya kiyaye.

1. Fara sanin irin naka. Babur irin Bajaj Boxer shokozoba biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Baburan daji irin Honda CRF da Kawasaki KLX kuwa guda ɗaya ce a tsakiya, tana zaune kan wasu ƙananan ƙarafa masu gaɓoɓi. Honda na kiran nata tsarin Pro-Link, wanda ta fito da shi a 1981, Kawasaki kuma Uni-Trak. Waɗannan gaɓoɓi suna can ƙasa, daidai inda taɓo ke fantsama, shi ya sa suka fi kowane wuri bukatar giris.

2. Gwada da hannunka duk wata. Ɗora babur kan kututture ko akwati mai ƙarfi yadda tayar baya za ta bar ƙasa. Kama ƙarfen da ke riƙe da tayar, ka tura shi dama da hagu. In ya yi girgiɗi, bushin ko boris na inda yake lilo ya ci. Sannan ka ɗaga tayar sama a hankali. In ka ji ƙwas kafin sifirin ya fara aiki, matsalar tana gaɓoɓin shokozoba.

3. Sa wa aikin lokaci. Sau biyu a shekara: kafin ruwan farko ya sauka, da kuma bayan damina ta ɗauke. Wanda kullum sai ya ratsa ruwa kan hanyar gona ko kasuwa, ya ƙara sau ɗaya a tsakiyar damina. Sabon babur ma a buɗe shi, domin sau da yawa giris ɗin da ya zo da shi daga kamfani bai taka kara ya karya ba.

4. Kwance cikin tsari. Wanke bayan babur ɗin ya bushe tukuna. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka sa sifana, sannan ka shimfiɗa tsumma mai tsabta, kana jera noti da wasa da bushin bi da bi yadda suka fito. Boris ɗin gaɓoɓin nan siraran ƙarafa ne kamar allurai, a wasu baburan zubowa suke yi da zarar an zare bututun da ke tsakiyarsu. Ƙirga su. Ɗaya ta ɓace a cikin ƙasa, sai dai a sayi sabon boris.

5. Wanke tsohon giris tas. Kananzir da tsohon buroshin goge baki sun isa. Bari su bushe, sannan ka duba da kyau. Allurar da ta yi ja da tsatsa, bututun da ya yi gurbi, ko robar bakin boris da ta tsage, duk canzawa ake yi. Cusa sabon giris kan tsohon da ya gauraya da yashi, niƙa ƙarfen kawai zai ci gaba da yi.

6. Zaɓi giris da ruwa ba ya wankewa. Nemi wanda aka rubuta NLGI 2 a jikin gwangwaninsa, kuma in littafin babur ɗinka ya ce mai sinadarin moli, to shi za ka saya. Kada ka haɗa iri biyu, don wasu in sun gauraya tsinkewa suke yi su zube. Tsohon baƙin mai kuma ba giris ba ne, araha ba ta ado. Cika boris ɗin sosai da yatsa, ka shafa wa doguwar ƙusar da ta ratsa ƙarfen baya, domin in ta yi tsatsa ta kafe, ko bakanike sai ya sha guduma da ita.

7. Bushin roba ba ya son giris na yau da kullum, kumbura shi yake yi ya lalace. In ya tsattsage, canza shi. Wajen ɗaure notinsa kuma, sauke babur ƙasa nauyinsa ya zauna tukuna, don kada robar ta kasance a murɗe.

8. Dubi ita kanta shokozobar. Danna mazauni ka saki: mai lafiya dawowa take sau ɗaya ta tsaya. In ta yi ta lilo, ko ka ga mai yana tsattsafowa a jikin sandarta, ta gaji. Masu biyu, tare ake canza su, kuma matakin taurin sifirin ya zama ɗaya a kowane gefe. Mai guda ɗaya galibi akwai iskar gas a matse cikinta, kada ka buɗe ta a gida, kada kuma a jefa tsohuwa a wuta. A baburan daji, in mahayi ya zauna, ya kamata bayan ya lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar yadda yake iya lotsawa.

9. Kiyayi abu biyu bayan ka gama. Na farko, sarƙa mai tauri: duk lokacin da bayan babur ya lotsa sarƙa miƙewa take yi, in babu sassauci sai ta ja boris ta cinye shi. Bi ma'aunin da ke littafin babur ɗinka. Na biyu, injin wanki mai feshi da ƙarfi. Gaya wa yaron wurin wanki kada ya auna bakin tiyo kan gaɓoɓin nan, domin ƙarfin ruwan yana keta roba ya kori giris ɗin da ka sa.

Bayan tafiyar farko, sake bin notika da sifana ka tabbatar babu wanda ya saki. Aikin safiya ɗaya ne da ƙaramin gwangwanin giris, amma shi ke sa tayar baya ta riƙa manne da ƙasa ranar da ka ɗauko buhu biyu, ko maiɗakinka da goyo, kan hanya mai kwazazzabo.