Tuban Wanda Ya Fito Gidan Yari Da Haƙƙin Iyalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A shekarar 2019 aka sake dokar gidajen yari a Nijeriya, aka koma kiransu gidajen gyaran hali, har da wanda ke Wudil. To, amma ranar da aka sallami fursuna, sauran shari'arsa tana jiransa a gida. Zai tarar da uba ya sunkuyar da kai, mata tana ɓoye kuɗin cefane, ƙane kuwa ba ya yarda ya ba shi ko akuya ya kai kasuwar Wudil ranar Juma'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malamai sun ce sharuɗɗan tuba huɗu ne: barin laifin, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa, sa'an nan da mayar da haƙƙi ga masu shi. Wa'adin da alƙali ya yanka ba ya biyan bashin iyali, watau yunwar da suka sha da kunyar da suka ɗauka. Shi ya sa a Suratun Nur, aya ta 5, aka haɗa tuba da gyara.

A dubi Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Da ya musulunta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa ɓoye masa fuskarsa. Wahshi bai yi fushi ya koma ba, ya dage har ya halarci yaƙin Yamama, inda ya soki Musailama maƙaryaci. Ashe karɓar tuba dabam, warkewar zuciya dabam.

Saboda haka mai tuba kada ya nemi a amince da shi da ƙarfi. Ya kama sana'a, ko da dako ne, ya tsare jam'i, ya rabu da abokan banza, ya cika ƙaramin alkawari kafin a ba shi babba.

Iyali kuma su sani, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gori haramun ne, kuma wanda aka rufe wa ƙofar gida, tsofaffin abokansa za su buɗe masa tasu. A fara ba shi amana kaɗan, in ya riƙe a ƙara.

Allah Ya karɓi tuban masu tuba, Ya sanyaya zukatan iyalansu. Amin.