Darasi: Sa'ad da Aka Rufe Maka Ƙofa

Karatu: Luka 4:16-30, 1 Bitrus 2:19-23

Ya ɗan'uwa mai karatu, watakila kai ne wanda aka ware wa akushi a gidan ubansa saboda sunan Almasihu. Ka yi sallama a zaure, ba mai amsawa. An yi suna cikin dangi, ba a aiko maka da goro ba. Zuciyarka kuwa tana cewa, ko Allah ma ya yashe ni? Ka kasa kunne, gama wannan darasi dominka ne.

Na fari, ka sani ba a kanka aka fara ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo, akwai wani malami a cikin birni, sunansa Malam Ibrahim. Cikin karatunsa ya tsaya a kan zancen Annabi Isa, ya yi ta koya wa almajiransa girmansa, har aka kira su Isawa. Aka nemi ya bari, ya ƙi. Wajen shekara ta 1867 aka kashe shi a kasuwar birni. Mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi.

Har wa yau, cikin 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu suka iso Kano. Sarki Aliyu bai yarda su zauna ba, ya ce su fita. Suka koma Girku, can ɗayansu, watau Ryder, ya rasu. Ga idon mutum, wahalar banza ke nan.

Na biyu, ka duba abin da Ubangiji ya yi da waɗannan ƙofofi biyu da aka rufe. Likita Miller ya sami wurin zama a Zariya cikin 1905. A 1913 sai ga waɗansu daga zuriyar Isawa sun zo wurinsa, suna neman a karanta musu Linjila. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya ci mutane da yawa a can, duk da haka 'ya'yansu suka shiga makaranta, suka zama iri cikin ikilisiyar Wusasa. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Waɗanda aka kora daga birni ɗaya, Allah ya gama su a wani wuri bayan shekara arba'in da 'yan kai. Malam Ibrahim bai ga girbin ba. Mai yiwuwa ne kai ma ba za ka ga naka duka ba.

Na uku, ka tuna Ubangijinmu da kansa mutanen Nazarat, inda ya girma, suka fitar da shi bayan gari. Ya san zafin ƙiyayyar gida, domin wannan za ka iya kai masa kukanka ba da kunya ba.

To, yaya za ka yi zamanka? Kada ka rama zagi, kada kuwa ka zagi addinin kowa. Ka riƙa gaida iyayenka da safe ko ba su amsa ba. Idan maƙwabcinka ya kwanta ciwo, ka je dubiya. Idan an yi rasuwa, ka je gaisuwa, gama zumunta a ƙafa take. Mudunka ya cika, alkawarinka ya tsaya, domin in za a ƙi ka, a rasa wani laifi sai bangaskiyarka. Kada ka zauna kai kaɗai da baƙin ciki: ka nemi 'yan'uwa masu bi, ku yi karatu da addu'a tare. Ka kuma yi wa masu ƙinka addu'a da sunayensu, ɗaya ɗaya.

Tambayoyi:
1. Me ya sami Isawa bayan mutuwar malaminsu?
2. Wane alheri za ka yi cikin makon nan ga wanda ya juya maka baya?

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da naka suka ƙi, ka ba bawanka haƙuri da zuciya marar ɗaci, ka kiyaye gidan ubana da birninmu cikin salama. Amin.