"Wasu Sun Fi Ki Shiga Uku" Ba Magani Ba Ne

A sashen lafiyar ƙwaƙwalwa inda nake aikin jinya, akwai maganar da marasa lafiya kan fara da ita tun kafin su gyara zama: "Sista, ni fa kunya nake ji, wasu sun fi ni matsala." Yawanci daga gida suka ɗauko ta. Mace ta haihu, jariri lafiya lau, miji bai rage ta da komai ba, amma ta kwashe makonni ba barcin kirki, abinci ba ya mata daɗi, sai kuka a bayan ƙofa. Da ta faɗa wa uwar miji, sai ta ji: "Haba 'yar nan, ki gode wa Allah! Ga wance ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ga mata can a sansanin gudun hijira a Maiduguri."

Da zuciya ɗaya ake faɗa, kuma godiya ga Allah wajibi ce. Sai dai abin da ke shiga kunnenta daban ne, wato ba ta da hurumin jin zafi. Sai ta ja bakinta ta yi gum, ga ciwo, ga zargin kanta da butulci, ba za mu gan ta ba sai abin ya ci tura.

A asibiti ba ma auna ciwon damuwa da girman abin da ya jawo shi. Alamomi muke dubawa: ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai kusan kullum har mako 2 ko fiye, rikicewar barci da ci, kasala, mutum ya ji ba shi da amfani. Ai ba a hana mai hawan jini magani don maƙwabcinsa na fama da ciwon daji.

Mu ma'aikata ma tarkon nan yana jiranmu. Ka gama sauraron wanda ya kuɓuto daga hannun 'yan bindiga, sai ɗalibi ya shigo yana hawaye kan faɗuwa jarrabawa, zuciya na neman raina shi. To, shi ma yana iya kasancewa a bakin halaka.

In ɗan'uwanka ya buɗe maka cikinsa, ajiye labarin wasu, har da naka. Tambaye shi: tun yaushe? Kana samun barci? Ka taɓa tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta cusa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko na ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano ko Kware a Sakkwato.