Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Baƙonmu Ya Ce a Tafasa Cokula?

Tambaya: Ni kuku ne a gidan saukar baƙi na wani kamfani a Nassarawa GRA, Kano. Mun yi baƙo Bayahude, ya ce idinsu ya matso, sai an tafasa cokula da tukwanen da za a yi masa girki, tukunyar ƙasa kuwa ya ƙi ta sam. Alhali na wanke su tas. Ƙyamar hannunmu yake yi?

Amsa: Kwantar da hankalinka, Malam, ko a gidan mahaifiyarsa haka za a yi. Idin Ƙetarewa yake nufi, wanda suke tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa, alaihis salam. Yana kamawa ranar 15 ga watansu na Nisan, cikin Maris ko Afrilu, kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 ga yawancin na waje.

A kwanakin nan haramun ne a gare su cin abin da suke kira hamez, ko ma mallakarsa. Shi ne duk abin da aka yi da alkama, ko sha'ir, ko wasu hatsi uku danginsu, wanda ya haɗu da ruwa ya wuce minti 18 ba a gasa ba. Ka ga gurasa da funkaso da taliya da burodi duk sun shiga. Har gwamnatin Isra'ila kan sayar da nata kowace shekara, ta hannun manyan malamansu, ga wani Balarabe Musulmi na garin Abu Ghosh, ya koma hannunta bayan idi.

Tukunya kuma fa? Malamansu suna ganin mazubin da aka yi girki mai zafi a ciki yana shan ɗanɗanon abincin, sabulu kuwa bai kai can ba. Ƙa'idarsu ita ce yadda ya sha, haka zai fitar, kuma sun jingina ta da Littafin Ƙidaya na Attaura, sura ta 31. Saboda haka cokali da ludayi da tukunyar ƙarfe, sai a kankare su har kunnuwa, a ajiye su awa 24 ba a yi aiki da su ba, a tsoma su cikin ruwan da yake kan tafasa, sannan a ɗauraye da ruwan sanyi. Ɗaya bayan ɗaya ake jefawa, don kada tafasar ta kwanta. Abin da ya taɓa abinci a kan wuta ba ruwa a tsakani, irin wayar gashi da farantin gasa burodi, tafasa ba ta isar masa. Wuta ake sa masa har ya yi jajir. Wuƙar da ƙotarta ta tsage, da rariya, gara a ajiye su, don ba a iya kai wa lungunansu.

Tukunyar ƙasa ba ta da magani a wurinsu. Sun ce yumɓu idan ya sha ba ya saki, kuma faranti na tangaran ma hukuncinsa ke nan. Kada ka ɗauka batun datti ne. Ibada ce, kamar yadda muke wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki, ko da ido bai ga komai ba.

Akwai saɓani, don haka ka tambaye shi ɓangarensa. Littafin hukuncinsu Shulhan Aruk na Yusuf Karo, wanda aka fara bugawa a Venis a 1565, ya ce gilashi ba ya shan komai, wanki ya isa. Musa Isserles na Krakow ya tsananta, kuma Yahudawan gabashin Turai shi suke bi. Su ɗin ne kuma suke ƙaurace wa shinkafa da gero da wake da masara a idin, duk da ba hamez ba ne, yayin da da yawa daga na ƙasashen Larabawa suke cin shinkafarsu.

Shawarata, ka roƙi kamfani ya sayo sabuwar tukunya da faranti da cokula kaɗan, a ware masa. Da yawa daga gidajensu ma kayan idi daban suke ajiyewa. Tafasawar kuwa ka bari ya tsaya a kai da kansa, kuma ka nisanta buhun fulawa daga inda za ka yi masa girki.